Baba Ya Koma Tsallaken Kogi

Ranar da Kelepi ya kwashe kayansa daga gidansa na Robinvale ya koma tsallaken kogi, babu wanda ya yi jimami a cocinmu. Mata ma dariya suka riƙa yi suna rufe baki da mafici. Mu 'yan tsibiran Tonga da ke zaman baƙunci a garin nan mun san juna ciki da bai, kuma kowa ya san a watan ne Losaline, autar gidan, ta gama sakandare ta sami gurbi a jami'a a Bendigo, inda za ta karanta haɗa magunguna.

Abin ba ya buƙatar dogon bayani. Gwamnati tana ba ɗaliban jami'a tallafin ci da haya, amma sai ta duba abin da iyaye ke samu. In ya yi yawa, ko sisi ba a bayarwa. In kuwa iyayen sun rabu, samun wanda ɗan yake hannunsa kaɗai ake dubawa. Kelepi shi ne shugaban masu tsinkar inabi a wata babbar gona, yana da bas biyu masu jigilar ma'aikata, yana kuma cikin masu wa'azi a cocinmu. A idon gwamnati mai kuɗi ne. Gwamnati ba ta san gida uku yake ciyarwa a Tonga ba, ba ta san duk biki da duk mutuwa sai an ƙwanƙwasa ƙofarsa ba. Matarsa Pisila kuwa aikin rabin yini take yi a kicin ɗin gidan tsofaffi. Da samunta kaɗai, Losaline ta cancanci tallafin gaba ɗaya.

"Kelepi akwai kai," in ji matan ƙungiyar mawaƙan coci. "Shekara huɗu ce kawai. Yarinya na karɓar digiri zai tsallako gada ya dawo ɗakinsa."

Wadda ta fi kowa yaɗa maganar ita ce Sulieti, yayar Kelepi. A wajenmu 'yar'uwar uba ba a tsallake maganarta, ba a zama sama da ita, ba a ci daga kwanonta. In aka tambaye ta labarin ƙanenta sai ta kashe ido ɗaya ta ce, "Ai sun rabu, ba ku ji ba?" Sai a kwashe da dariya.

Losaline babu wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Wata safiya ce uwar tana kankare kwakwa ta ce mata, ba tare da ta ɗago ba, "Babanki zai koma Euston, tsallaken kogi. Akwai ɗaki a gefen gonar."

"Saboda me, Mama?"

"Haka ya fi."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta riga ta ji ƙus-ƙus ɗin da ake yi, ta ɗauka iyayenta ba sa son sa bakinta a cikin ƙarya ne. Abin ya taɓa mata zuciya, ya kuma tsorata ta, don yarinya ce da ko titi ba kowa sai fitila ta ba ta hannu take tsallakawa. Tallafi ya fito, ta tafi Bendigo. Duk ranar da kuɗin ya shigo sai ta ji kamar wani yana tsaye a bayanta yana leƙa wayarta.

In ta zo hutu, abin da take gani ba ya kwantar mata da hankali. Kowace Asabar uban zai zo ya yanke ciyawar gida, ya duba famfo, ya wanke motar uwar. Ranar Lahadi su ɗaura tabarminsu a ƙugu irin na adon mutanenmu su zauna benci ɗaya a coci, kafaɗa da kafaɗa. In an tashi ya biyo su gida, ya zauna a kan teburi inda ya saba, a buɗe masa lu mai zafi, ganyen gwaza da nama da madarar kwakwa, ya ci da doya har ya yi gumi. Sai rana ta yi sanyi yake tafiya.

"Baba, ka daina ajiye bas a ƙofar gida," ta ce masa wata rana. "Kowa yana gani."

"To a ina zan ajiye ta? A kaina?"

"Dattijon nan na gidan can kullum yana bayan labule."

"Gino? Gino matarsa ta mutu, ba shi da abin kallo sai titi. Ƙara min doya."

A ƙarshen shekararta ta biyu, ana gab da hutun zafi, aka kira ta daga ofishin da ke kula da tallafin. Mace ce, muryarta a sanyaye. Ta ce sun sami bayani cewa iyayen Losaline suna zaman aure har yanzu, don haka za a sake duba lamarinta. Za su yi magana da uwar, su yi da uban, kuma suna son wani mutum mai mutunci wanda ba dangi ba ya tabbatar musu da rabuwar. In bayanin da aka ba su ya tabbata, za a tsayar da tallafin, a mayar da duk abin da aka karɓa, ƙila ma maganar ta je kotu.

"Wa ya ba ku bayanin?" in ji Losaline.

"Wannan ba na iya faɗa miki."

A motar da ta kawo ta gida, tun daga Bendigo har ta fara hango gonakin inabi, fuskokin mutane take bi ɗaya bayan ɗaya. Gino na bayan labule. Matar ma'ajin coci, wadda 'yarta ta nemi tallafin aka hana ta. Direban da uban ya sallama bara. Amma ko ta ina ta zagaya sai ta dawo kan mutum ɗaya. Gwaggo Sulieti tana da ɗa, Sunia, sa'an Losaline ne, shi ma ya sami gurbi, aka ce samun iyayensa ya ɗara iyaka da ɗan kaɗan. Yanzu yana cikin bas ɗin Kelepi kowace asuba da almakashin tsinkar inabi. Kuma wa ya fi gwaggon yawan kashe ido?

Ta tarar da uwar a kicin tana naɗe ganyen gwaza. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta faɗa mata komai. Pisila ta saurara, hannunta bai tsaya ba.

"Mama, dole mu shirya. In sun tambaye ki yaushe kuka rabu, me za ki ce?"

"Lokacin da muka rabu."

"Me ya raba ku? Dole bakinku ya zo ɗaya da na Baba."

"Wannan kam ba zai zo ɗaya ba."

"Shi ya sa nake cewa mu zauna mu tsara. Ki ce yana dawowa gida a makare, ko kun yi faɗa a kan kuɗi, wani abu dai da za a yarda. Kuma ya daina zuwa ranar Lahadi har a gama."

"Ke za ki hana babanki cin abinci?"

"Mama, kotu fa aka ce."

Pisila ta ɗaure ganyen ƙarshe ta jera shi a tire. "Ki faɗi abin da kika sani kawai, Losa."

"Abin da na sani shi zai ɗaure mu."

Uwar ta juya ta buɗe murhu.

Washegari Losaline ta yanke shawarar gyara abin da kanta. In jami'an suka je duba inda uban yake, bai kamata su tarar da ɗakin da ake kwana a cikinsa jefi-jefi ba. Ta kwaso tsofaffin labulaye, da tukwane biyu, da bargo, da wani hoton teku da ke jingine a bayan kabad, ta zuba a motar uwar ta haye gada. Ba ta taɓa zuwa ba. Shi yake zuwa, kuma a ranta wajen ba gida ba ne, wurin ajiye jaka ne.

Wani ma'aikaci ya nuna mata hanya. Ɗan gidan kwano ne a ƙarshen layukan inabi. Abin da ta fara gani gwaza ce, fili guda, ganyenta ya kai mata ƙirji, an ja mata ruwa da tiyo an yi mata inuwa da raga. Kaji suna tono a gefe. Wani baƙin kare ya taso yana haushi, ya shinshina ta, ya koma ya kwanta a bakin ƙofa. Daga ƙofar zuwa famfo ƙafa ta yi hanya, ciyawa ta mutu.

Ƙofar a buɗe take. Akwai labule a taga, wani shuɗi da ba ta sani ba. Gindin tukunyar da ke kan murhu ya yi baƙi ƙirin. Kujerar da ke gaban rediyo ta lotsa daidai zaman mutum ɗaya. Littafinsa na wa'azi yana kan teburi da tabaransa a kai. Ta tsaya tsakiyar ɗaki da labulen uwarta a hannu, ba ta ga inda za ta rataya shi ba.

Sai wani tunani ya faɗo mata. Wa ya zaɓi wannan shuɗin labule? Ta shiga banɗaki ta duba sabulu, ta duba buroshin haƙori. Ta buɗe kabad ta bi rigunan ɗaya-ɗaya tana shinshinawa. Har ƙarƙashin gado ta leƙa. Babu ɗankunne, babu mataji, babu komai sai takalman aiki da akwatinsa. Faranti ɗaya ne a kife, kofi ɗaya.

Tana durƙushe a gefen gadon karen ya fara kaɗa bindi, uban ya shigo da hularsa a hannu.

"Losa? Me ya ɓata?"

Ta miƙe kunya ta rufe ta. Ya dubi kayan da ta jibge a ƙofa.

"Waɗannan ai na mamanki ne. Ta san kin ɗauko?"

"Na zo in gyara ɗakin ne. Don in sun zo su ga kamar a nan kake."

"A nan nake."

"Na sani, Baba. Ina nufin..." Ta waiga ta dubi gwazar ta taga. "Ka iya abin nan fiye da yadda na zata. Har da kare."

Kelepi ya kalle ta. Mutum ne mai faɗin ƙirji, wanda in yana wa'azi ba ya buƙatar lasifika, amma ranar muryarsa ƙasa-ƙasa ta fito.

"Kare shi ya zo da kansa," ya ce. "Mayar wa mamanki da kayanta. Tsaya in ba ki ƙwai ki kai mata."

Ta fito da ƙwai a cikin hula, zuciyarta ba daɗi. Wani abu yana taɓa ta a rai, ta ƙi juyawa ta kalle shi. Maimakon ta wuce gida sai ta karya kan mota zuwa gidan Gwaggo Sulieti.

Ta same ta a baranda gaban fanka, tana ɗinke bakin wata tabarma. Ɗiyar ƙane ba ta shiga wajen gwaggonta a tsaye, amma Losaline ba ta durƙusa ba.

"Gwaggo, an kai mu ƙara."

"Na ji."

"Wa ya gaya miki? Jiya na iso."

"Uwarki."

"Ke ce?"

Allurar ta tsaya. "Ni ce me?"

"Ke kika kira su. Saboda Sunia. Tun ranar da aka ba ni aka hana shi ba ki ƙara kallona da idon arziki ba, kuma babu inda kike zama ba ki faɗi sirrin gidanmu ba."

Sulieti ta soke allurar a tabarma. "Zauna ƙasa."

"Ki amsa min tukuna."

"Na ce ki zauna ƙasa, 'yar Kelepi, kafin maƙwabta su ga abin da jami'a ta koya miki."

Ƙafafun Losaline suka bi umarnin kafin zuciyarta ta yarda. Gwaggon ta rage ƙarfin fanka.

"Wane sirri kike magana? Sirrin da ni na ƙera shi da bakina? Babu wata dabara, yarinya. Uwarki ce ta ce ta gama zama da ƙanena. Ta faɗa masa, ya zo nan ya zauna inda kike zaune, ƙato da shi, yana kuka. Mutumin da ke hawa mumbari yana gaya wa maza yadda ake riƙe gida, a ji matarsa ta sallame shi? Da wane ido zai dubi mutane? Sai na lura watan ya zo daidai da tafiyarki. Na je wajen matar ma'aji na ce mata, kada ki gaya wa kowa, don tallafin Losa suka yi. Kafin a tashi gwajin waƙa gari ya ɗauka. Mutanenmu sun fi girmama mai wayo a kan wanda mata ta gaji da shi."

"Su sun sani?"

"Sun ji kamar kowa. Ba su ce eh ba, ba su ce a'a ba. Uwarki ta yarda ta ci gaba da zama kusa da shi a coci, iyakar abin da na roƙa ke nan."

"To wa ya kai ƙarar?"

"Wa ya sani? Mutum nawa na kashe wa ido? Ni dai rufin asiri na yi niyya." Ta zare allurarta, ta hangi hular ƙwai a kujerar motar. "Maganar Sunia kuwa, ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma ban taɓa kai jinina wajen hukuma ba. Tashi ki tafi, ƙwanki zai dahu a mota."

A hanya Losaline ta riƙa juya maganar. Ta kusa yarda, sai wani zargin ya taso. Idan fa wannan ma shiri ne? Sun san ba ta iya ƙarya ba, sun san muryarta rawa take in ta gwada. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa ta yarda da gaske, don in matar ofis ta sake kira ta ji gaskiya a bakinta. Gwaggo za ta iya. Gwaza ma ai ana iya shukawa don a gani. Ta lura tana son wannan zargin ya zama gaskiya, kuma hakan ya fi komai ba ta tsoro.

Ta ajiye ƙwan a gaban uwar. "Mama, Gwaggo ta gaya min wata magana. Ban san ko in yarda ba."

Pisila ta ɗauki ƙwan tana jerawa a firij. "Gobe za ki raka ni wajen Fasto. Sun ce suna son shaidar wanda ba dangi ba. Na kira babanki, zai same mu a can."

Fasto Manase ya karɓe su a ɗakin baƙi na gidan coci, matarsa ta kawo musu ruwan kankana da kwakwa ta fita. Dattijo ne mai sanyin hali, ya daɗe a garin, shi ya yi wa Losaline baftisma. Kelepi ya zauna a kujera ɗaya, Pisila a wata, 'yar a tsakiyarsu. Kelepi ne ya faɗi abin da ya kawo su, idonsa a kan tabarmar ƙasa. Za a kira daga ofis, suna roƙon Fasto ya tabbatar cewa ba sa tare.

Fasto ya haɗa yatsunsa. "Kelepi, Pisila, kun san ina ƙaunarku. Abin da ake faɗa ya zo kunnena tun tuni. Na kau da kai, don babu wanda ya tambaye ni, kuma na san wahalar karatun yara. Amma in ɗaga waya in yi wa hukuma ƙarya da bakin da nake addu'a da shi, wannan ba zan iya ba."

"Ba ƙarya ba ce, Fasto," in ji Kelepi.

Fasto ya yi ɗan murmushi. "Ɗan'uwa, ranar Lahadin nan na gan ka riƙe da jakarta."

"Gaskiya nake faɗa."

"Ni ma ina da shawara. Ku je ku faɗa musu kun yi kuskure. Coci za ta taimaka a biya a hankali. Ya fi a ce an kama ku."

Losaline ta dubi ubanta. Sai ta ji uwar ta ajiye kofi.

"Fasto, ka tuna shekarar da gidan Kelepi ya fi kowa ba coci kuɗi a baikon shekara?"

"Na tuna. Shekarar da aka sake rufin coci."

"Kai ka karanta sunanmu. Ka karanta sau biyu, don tafi ya hana a ji na farko. Mata suka taso suna rawa suna liƙa min kuɗi a kafaɗa. Ina zaune kusa da shi ina murmushi, ina mamakin inda ya samo. Washegari na je sayen tikiti." Ta gyara zama. "Uwata tana kwance a gida Vava'u, can Tonga, a lokacin. Ƙannena suna kira suna cewa sunana kawai take kira. Kaka biyu ina tsinkar inabi da hannun nan ina tarawa. Na je banki aka ce babu komai, mai gida ya kwashe ranar Juma'a. Na dawo na tambaye shi, ya ce min Allah zai mayar ninki. Kafin mu sami rance ta rasu. A waya na ji ana kukanta, ina tsaye a bayan kicin ɗin gidan tsofaffi da safar wanke-wanke a hannuna."

Pisila ta ci gaba.

"Ban yi faɗa ba. Na jira ya ce min ya yi kuskure, sau ɗaya. Na jira shekara, na jira biyu. Duk baikon shekara sai ya ba da labarin yadda gidansa ya taɓa zuwa na ɗaya. Sai na ce wa kaina, bari auta ta gama sakandare. Tana gamawa na faɗa masa. Da an ba ta tallafi, da ba a ba ta ba, da ya fita a watan nan. Jakar da ka gani kuwa, yayarsa ce ta roƙe ni in bar shi ya riƙe."

Fasto ya juya ga Kelepi.

"Haka aka yi," in ji Kelepi. Ya goge fuska da tafin hannu. "Duk haka aka yi."

Losaline ta tuna shekarar. Tana aji biyar na firamare, an ɗinka mata sabuwar riga, ita ma ta yi rawa. Ta tuna uwar ta yi makonni ba ta cin abinci a teburi, aka ce mata makoki ne. Shekara biyu ke nan tana ɗauke da nauyin laifin da ba a yi ba, kuma a ƙarƙashin nauyin tana da wani abu da take jingina da shi, cewa ranar da ta karɓi digiri uban zai dawo. Nauyin ya sauka, abin jinginar ma ya tafi tare da shi. Ta rasa wanda za ta kalla, sai ta kalli kofinta.

Fasto ya ɗago kai. Pisila ya fara yi wa magana.

"Ban sani ba, 'yar'uwa."

"Ba ka tambaya ba, Fasto. Babu wanda ya tambaya."

"Su kira ni. Zan faɗa musu abin da na ji." Ya numfasa. "Amma Kelepi, ka san ba zan faɗa wa hukuma abu in ɓoye wa dattawan coci ba. Maganar mumbari sai mun zauna."

"Na sani," in ji Kelepi. "Na san da wannan kafin in zo."

Ofis ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Bakin Pisila da na Kelepi bai zo ɗaya ba a kan dalili, ita ta faɗi nata, shi ya ce shi ne bai iya riƙe gida ba, amma a kan sauran komai sun dace. Kafin a koma karatu aka sanar da Losaline cewa tallafinta yana nan. Wanda ya kai ƙarar ba a taɓa sani ba. Ta daɗe in an gaishe ta a coci da fara'a sai ta tsaya tana auna fara'ar. Kelepi ya sauka daga wa'azi da kansa, ya koma bencin baya wajen tsofaffi. Pisila ta koma cikin mawaƙa. Ya ci gaba da yanke ciyawa ranar Asabar, amma ya daina zuwa cin abincin Lahadi, sai a zuba masa a kwano Sunia ya kai. Losaline ta je ta durƙusa gaban gwaggonta ta ba da haƙuri, gwaggon ta bar ta a durƙushe har ta gama shan shayinta kafin ta ce ta tashi.

Da sanyi ya shigo, Pisila ta ce za ta Vava'u. Watanni ta yi tana ɗinka wani babban mayafi mai furanni, irin wanda muke kafawa a kan kabari, don na uwarta bai taɓa samun na hannunta ba. Losaline ta zo daga Bendigo ta kai ta filin jirgi na Mildura. Suna layin awon kaya sai ga Kelepi da kwali a kafaɗa, ba wanda ya gaya masa lokaci.

"Na ƙannenki ne," ya ce. "Busasshen inabi ne da ɗan man shafawa."

Pisila ta dubi kwalin, ta dubi igiyar da aka ɗaure shi da ita. "Losa, buɗe."

Losaline ta kwance. Inabi ne da man shafawa, sai gwangwanayen nama a ƙasa. Uwar ta sa hannu ta taɓa har gindin kwalin, ta ɗaga kowane gwangwani.

"Ɗaure ki ɗora a sikeli," ta ce. Sannan ga Kelepi, "Za su gode."

Ta rungume 'yarta, ta gyaɗa masa kai, ta shige da mayafin a hammata don ta ƙi yarda a sa shi cikin kaya. Suka tsaya su biyu a bakin gilashi suna kallonta tana taka filin zuwa jirgi, iska tana kaɗa mata siket.

"Ta ce miki yaushe za ta dawo?" in ji Kelepi.

"Bayan wata ɗaya. Tikitin zuwa da dawowa ne."

"Kin gani da idonki?"

Losaline ta buɗe baki za ta ce eh, sai ta tuna uwar ce ta saya da kanta, kuma a jakarta ta ajiye. Ta tuna har injin ɗinkinta ta ba maƙwabciya aro, ta kuma kwashe duk abin da ke firij ta rabar.

"Haka dai ta ce, Baba."

Ya gyaɗa kai. Suka ci gaba da tsayuwa har jirgin ya juya ya fara gudu.